Kwandalar Rumawa ta Farko: Ka Fara da Wadda Za Ka Iya Karantawa

Duk wanda na miƙa wa kwandalar Rumawa ya riƙe, tambaya biyu yake yi. Ta farko: "Wai ta gaske ce?" Ta biyu: "To ya aka yi ba ta gidan tarihi?" Ban ga laifin masu tambayar ba. An saba ganin abin da ya shekara dubu da ɗari bakwai a bayan gilashi, mai gadi na tsaye a gefe. Sai dai tsabar kuɗin Rumawa sun yi yawan da gidajen tarihin duniya ba za su iya ɗauke su ba, ko da sun so.

Daular ta miƙe tun daga Birtaniya har zuwa Masar da Siriya, tana da dubban ɗaruruwan sojoji da dole a biya su albashi, kuma da tsabar ƙarfe ake biyan. Talaka ba shi da banki. Idan yana da abin ajiyewa sai ya zuba a tulu ya binne, in yaƙi ko ajali ya riske shi, tulun ya zauna a ƙasa. A shekarar 2010 an tono tukunya ɗaya kusa da garin Frome a Ingila, aka ƙirga kwandaloli 52,503 a cikinta. A 2016 ma'aikatan shimfiɗa bututu a Tomares, kusa da Sebiliya a Sipaniya, suka ci karo da tuluna 19 cike da tsabar tagulla mai nauyin kusan kilo 600. A 1981 kuwa an samu sama da guda 100,000 a kusa da Misrata a Libiya. Wannan yawan shi ya sa ƙaramar kwandalar tagulla ta ƙarni na huɗu, mai rubutu a bayyane, ba ta cika wuce dala goma zuwa ashirin a wurin dillalai ba.

A nan nake so duk mai sha'awar wannan harka ya fara, kuma ina da hujja. Sabon shiga yakan zo da sunaye a kansa: Yuliyus Kaisar, Niro, Kaligula. Yana so ya mallaki fuskar wanda ya ji labarinsa. Waɗannan sunaye su ne suka fi tsada, su ne kuma masu buga jabu suka fi kwaikwaya, don haka mutum yana kai kuɗinsa mafi yawa ne daidai inda iliminsa ya fi ƙaranci. Shawarata a juya abin. A sayi guda ɗaya mai araha, wadda harufanta suka fito, a zauna da ita har a san ma'anar kowane harafi da ke jikinta. Wanda ya yi haka da kwandala guda ya fi wanda ya cika akwati da hamsin da bai san su ba. Ni dai daɗin abin a wurina yana cikin karatun ne.

Bari in kawo wadda ke gabana a matsayin misali. Faɗinta milimita 18, nauyinta giram biyu da rabi, launinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu da ɗan kore a cikin lungunan harufa. A fuskar gaba akwai kan mutum yana kallon dama, da kambi mai jerin lu'ulu'u ɗaure a goshinsa, igiyoyin kambin na lilo a ƙeya. Idonsa babba ne, ya fi ƙarfin fuskar, irin salon zanen wancan zamanin. Rubutun ya fara daga ƙasa ta hagu ya zagaya: D N CONSTANTIVS P F AVG. Rumawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi a kan kuɗi, kuma suna rubuta V a inda za mu sa U, shi ya sa da farko abin ke kama da harufa a cakuɗe. Da zarar ka san gutsattsarin sai ya warware. D N na nufin "ubangidanmu". P F na nufin "mai tsoron alloli, mai sa'a". AVG kuwa Agustus ne, wato sarautar sarkin daular. Tsakiyar shi ne sunan: Konstantiyus na Biyu, ɗan Konstantin Babba, wanda ya yi sarauta daga 337 zuwa 361 miladiyya.

Juya ta. Soja ne a tsaye da kwalkwali, garkuwa a hannun hagu, ya sunkuya yana soka mashi a jikin wani mahayi da dokinsa ya durƙushe. Mahayin ya waiwayo ya ɗaga hannu ɗaya. Duk wannan a fili da bai wuce faɗin farcen babban yatsa da yawa ba, amma in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga har gashin kan mahayin. Rubutun da ya kewaye su: FEL TEMP REPARATIO, ma'ana "dawowar zamanin jin daɗi". An fara buga kuɗi da wannan kirari a 348, shekarar da birnin Rum ya cika shekara 1,100 da kafuwa bisa lissafinsu. Ka duba abin da hukuma ta zaɓa ta sa a hannun mai sayen burodi da mai sayar da mai: hoton abokin gaba yana faɗuwa, da alkawarin cewa komai zai koma daidai. A lokacin ana fama da Farisawa a gabas, 'yan shekaru kaɗan bayan haka kuma yaƙin basasa ya ɓarke a yamma. Babu jarida, babu rediyo. Kwandala ce ke kai saƙon sarki inda ƙafar ɗan aikensa ba ta zuwa.

A can ƙasa, ƙarƙashin layin da sojan ke tsaye a kai, akwai harufa huɗu: BSIS. Wannan wurin na fi so a duk jikin kwandala. SIS na nufin Siskiya, garin da yau ake kira Sisak a ƙasar Kuroshiya, nan aka buga ta. B kuma lambar ɗakin aiki ce, ɗaki na biyu a maƙerar. An yi haka ne don in nauyi ya gaza ko ƙarfe ya lalace a san wanda za a tuhuma. Kowane gidan buga kuɗi da alamarsa: TR na Tiriya a Jamus, PLG ko LVG na Liyon a Faransa, AQ na Akwileya a Italiya, TES ko TS na Tasalonika, CONS na Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, SMN na Nikomediya, SMK na Kizikus, ANT ko AN na Antakiya, ALE na Iskandariya. Landan ma ta yi nata, da alamar PLN ko PLON, kafin a rufe maƙerar wajen 325. A yamma sukan ƙirga ɗakunan da P, S, T, Q, farkon kalmomin Latin na ɗaya zuwa huɗu. A gabas kuma da harufan Girkanci.

Da waɗannan abubuwa huɗu, wato suna, kirarin baya, hoto da alamar maƙera, za ka iya nemo kwandalarka a kundin da masana ke aiki da shi. Sunansa Roman Imperial Coinage, ana taƙaita shi RIC. Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara shi a 1923, ba a kammala juzu'i na goma ba sai 1994. Littattafan na da tsada, amma ba sai ka saya ba: ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka, ANS, ta zuba tsarin lambobinsa a intanet kyauta a shafin da ake kira OCRE, da hotunan kwandalolin manyan gidajen tarihi. Idan ka ga dillali ya rubuta "RIC VIII Siscia" da lamba a gaba, yana nufin juzu'i na takwas, sashen Siskiya, lamba kaza. Kada ka karɓi lambar dillali ka rufe ido. Ka je ka duba da kanka ko ta yi daidai. Dillalai na sarrafa ɗaruruwan ƙananan kwandaloli, kuskure kan shiga, kuma wannan dubawar ita ce makarantar.

Akwai wasu irin waɗannan masu araha da suka dace da mai farawa. GLORIA EXERCITVS, sojoji biyu a tsaye da tuta a tsakaninsu, ta shekarun 330. VRBS ROMA, wadda Konstantin ya sa aka buga lokacin da ya buɗe sabon birninsa a 330: a bayanta kyarkeciya ce tana shayar da tagwaye Romulus da Remus, taurari biyu a sama. Akwai kuma mai hoton ƙofar sansanin soja da hasumiyoyi. Dillalai sukan kasa su bisa faɗi, domin ba a tabbatar da sunan da Rumawa ke kiran da yawa daga cikinsu ba: AE1 ita ce wadda ta wuce milimita 25, AE2 daga 21 zuwa 25, AE3 daga 17 zuwa 21, AE4 ƙasa da 17.

Bayan ido ya saba da tagulla sai a matsa zuwa azurfa, kuma a nan ne tarihin kuɗin kansa ke fitowa fili. Denariyus ita ce kwandalar azurfa da Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, ana tsakiyar yaƙi da Hanibal, jagoran mayaƙan Kartej. A zamanin Agustus, sarkin daular na farko, nauyinta kusan giram 3.9 ne, azurfa kusan zalla. Guda 25 ke yin awureyus ɗaya na zinariya. Ita kuma guda ɗaya tana daidai da sestertiyus huɗu, ko as goma sha shida. Sojan runduna yana karɓar denariyus 225 a shekara, sai sarki Domishiyan ya ƙara zuwa 300. In ka riƙe guda ɗaya ta wancan lokacin, ka riƙe abin da ya fi ladan yini guda na soja.

Niro ne ya rage nauyinta da tsarkinta a shekara ta 64, waɗanda suka biyo baya suka ci gaba da ragewa. Zuwa zamanin Septimiyus Seberus azurfar ta koma kusan rabi. Ɗansa Karakala ya fito da sabuwa a 215, wadda masana ke kira antoniniyanus. Ana gane ta da kambin sarki mai tsinkaye kamar hasken rana. An ɗauke ta a matsayin denariyus biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne. Shekara hamsin bayan haka, a ƙarshen mulkin Galiyenus, azurfar cikinta ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Tagulla ce aka yi wa wankan azurfa. Na jera guda uku a faranti ɗaya, denariyus ta Tirajan, antoniniyanus ta Gordiyan na Uku, da ta Galiyenus. Ta farko fara ce tas, tana da nauyi a tafin hannu. Ta biyu farinta ya dushe, ta fi faɗi amma ta fi sirantaka. Ta uku ruwan ƙasa ce, gefenta a tsattsage, harufanta a gurguje aka sassaƙa su. Na karanta labarin rikicin ƙarni na uku a littattafai, amma ban ji shi a jikina ba sai da na ga waɗannan ukun kusa da juna. Oreliyan ya yi gyara a 274, Diyokleshiyan ya sake tsarin wajen 294 har ya kafa dokar ƙayyade farashi a 301, sannan Konstantin ya kawo solidus na zinariya, guda 72 a kowane fam, ma'aunin nauyi na Rumawa, wanda ya riƙe nauyinsa ɗaruruwan shekaru.

Ga mai neman azurfarsa ta farko, Gordiyan na Uku nake nuna masa. Yaro ne ɗan shekara 13 da ya hau mulki a 238, ya mutu a 244, amma an buga kuɗinsa da yawan gaske, aka kuma binne su da yawa tun ba su goge ba. Saboda haka ana samun masu kyau da sauƙi. Denariyus na gidan Seberus ma haka. Su kuma suna da wani abin da tagullar ƙarni na huɗu ba ta da shi: suna faɗa maka shekara. Ɗauki wadda aka rubuta SEVERVS PIVS AVG a gaba, a baya kuma P M TR P XVIII COS III P P. P M shi ne shugaban limaman addininsu. COS III na nufin ya riƙe muƙamin konsul, babban muƙamin mulki na shekara guda, sau uku. P P "uban ƙasa". TR P kuwa iko ne da ake sabunta wa sarki kowace shekara, don haka lambar da ke biye da shi ƙidayar shekarun mulki ce. Seberus ya hau a 193, to XVIII ta faɗa a 210. A wannan shekarar mutumin nan, haifaffen Leptis Magna a gaɓar Libiya, yana arewacin Birtaniya yana yaƙi, a Fabrairun 211 kuma ya mutu a York. Harufa goma sha wani abu sun kai ka wuri da lokaci.

Yanzu maganar jabu, domin ita ce ke firgita mutane, kuma tsoron na da tushe. An daɗe ana yi. A ƙarni na 16 Giovanni da Cavino na Paduwa ya sassaƙa kwaikwayon manyan sestertiyus masu kyan gaske. A farkon ƙarni na 19 Carl Wilhelm Becker a Jamus ya ruɗi manyan masu tarawa. Tun a zamanin Rumawan ma akwai masu lulluɓe tagulla da fallen azurfa su shigar kasuwa, kuma irin waɗannan yau ana tara su a matsayin kayan tarihi. Abin da zai taimake ka shi ne sanin yadda aka yi ta gasken. Ba zuba ta aka yi ba, buga ta aka yi. Ana ɗora ɗan gutsuren ƙarfe a kan hatimin da ke kafe a uwar maƙera, a ɗora hatimi na biyu a sama, a maka guduma. Shi ya sa ba a samun biyu masu siffa ɗaya sak: wata ta karkace, wata rubutunta ya fita waje, wata gefenta ya tsage. Jabu mafi yawa kuwa narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi. Sai ka ga layin haɗi siriri a gefe, ko alamar an goge gefen da zarto don ɓoye shi, ko ƙananan ramuka da ƙuraje na kumfar iska, harufan kuma sun yi laushi kamar sun narke. Nauyi ma yakan tona asiri. Denariyus da ya yi giram biyu ko biyar abin tuhuma ne. In ka ga guda biyu a wurare daban da tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, to mazubi ɗaya ya haife su.

Duk da haka, idon sabon shiga bai isa ba, kuma bai kamata ya dogara da shi ba. Kariyarsa ita ce wurin da ya saya. Ka nemi dillalin da ya daɗe a sana'ar, wanda ya rubuta a fili cewa yana ba da tabbacin sahihanci har abada, in ta tabbata jabu ce zai mayar da kuɗi ko bayan shekaru. Ka guji wanda ya ce "na gada ne, ban san komai a kai ba, ba a dawowa da kaya". In aka nuna maka fuskar Kaisar ko Kiliyobatira a farashin kwandalar Konstantin, banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a bakin kangayen tarihi kuwa, in jabu ne ka yi asara, in na gaske ne ka karya dokar ƙasar. A gwanjo, ka tuna akwai ladan gidan gwanjo da ake ɗorawa a kan farashin da ka ci, sau da yawa kusan kashi ashirin cikin ɗari, ga kuɗin aikawa. Ka yanke iyakarka kafin a fara, domin zuciya kan hau in an zo ƙarshe.

Akwai wata cuta da ta fi jabu wuyar ganewa, ita ce sassaƙa. Kwandalar ta gaske ce, amma ta goge, sai wani ya sa ƙarfe mai tsini ya sake fito da gashin sarki ko harufa, ya shafe filin ya yi sumul. An fi yi wa manyan tagulla. In gashin ya fi sauran fuskar kaifi, a yi hattara. Ni na fi son gogaggiya mai gaskiya. Gogewar ma labari ce: denariyus ɗin da Markus Antoniyus ya buga wa rundunoninsa a 32 zuwa 31 kafin haihuwar Annabi Isa, masu hoton jirgin ruwa, azurfarsu ba ta da kyau sosai, don haka babu mai ɓoye su, suka yi ta yawo hannu zuwa hannu sama da shekara 200 har wasu suka zama kamar fallen ƙarfe. Harufan F, VF da EF da za ka gani a tallace-tallace matakan kyau ne, daga mai matsakaicin gogewa zuwa wadda kusan ba ta goge ba. Ga mai farawa VF ta wadatar: komai na karantuwa, farashi bai tashi ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, abin auna faɗi a milimita, da fitila da za ka iya karkatar da haskenta. Hasken da ya zo daga gefe yana tayar da harufan da hasken sama ke ɓoyewa.

Game da wankewa ra'ayina a tsaye yake: wadda ka saya a wanke, kada ka taɓa ta. Wannan launin kore ko baƙi ko ruwan ƙasa da ke jikin tagulla fata ce da ƙarfen ya yi cikin ɗaruruwan shekaru a ƙasa, sau da yawa ma zanen yana cikin fatar ne. In ka kankare ta don ka ga ƙyalli, za ka tarar da ƙarfe mai ramuka, ka zubar da darajarta da kyanta gaba ɗaya. Ban da ruwan tsami, ban da lemun tsami, ban da man goge ƙarfe, ban da buroshin waya. Ana sayar da waɗanda ba a wanke ba a tsibi-tsibi, da ƙasarsu, kuma mutane da yawa daga nan suke shiga saboda ɗokin ganin abin da zai fito. Gaskiyar ita ce an riga an tsince masu kyau kafin tsibin ya iso gare ka, kuma da yawa ba za su taɓa karantuwa ba. In duk da haka kana son gwadawa, ka jiƙa su a tsarkakken ruwan da aka tara daga tururi, kana canza shi, kana bi da tsinken sakace da buroshin haƙori mai laushi. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni.

Abu ɗaya ne ke buƙatar gaggawa. In ka ga wani gari-gari mai launin kore mai haske, wanda ke zuba in ka taɓa shi da tsinke, wannan ciwon tagulla ne. Gishirin da ya shiga ƙarfen ne ke haɗuwa da laima yana cin sa, kuma ba ya tsayawa da kansa. Ka ware ta daga sauran, ka kwashe garin, ka jiƙa a irin wancan ruwan, ka busar da ita sosai. Kore mai tauri da santsi ba shi ne ba, wannan lafiya ce. Wurin ajiya ya zama busasshe. Ambulan ɗin takarda marar sinadarin tsami ko faranti mai gurabe sun fi. Aljihun roba mai laushi na PVC yana fitar da wani maiƙo kore a kan ƙarfe in an daɗe, a guje shi. A riƙe kwandala ta gefe, a saman tebur mai shimfiɗa, domin tsohuwar azurfa takan yi gautsi ta fashe in ta faɗi.

Akwai maganar da ba na so a tsallake, ko da ba ta da daɗin ji. Kowace kwandala daga ƙasa ta fito, kuma ƙasar ta wasu ce. A Italiya, Girka, Turkiyya da Masar abin tarihin da aka tono mallakar gwamnati ne, fitar da shi ba izini laifi ne. Ingila da Wales sun bi wata hanya: dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya kai matsayin taska, a kimanta shi, gidan tarihi ya saya in yana so, a raba ladan tsakanin wanda ya gano da mai gona. Wanda ya gano tukunyar Frome bai ciro ta ba, ya kira masana suka tono ta hawa-hawa, shi ya sa aka san yadda aka zuba kuɗin a ciki. Wanda ya tona da dare ya watsa a kasuwa ya kashe wannan ilimin har abada, kuma kuɗin mai saye ne ke ba shi ƙarfi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce ma'aunin da ake yawan komawa gare shi, don haka kwandalar da ke da shaidar tana hannun masu tarawa kafin wannan shekarar ta fi kwanciyar hankali. Abin ba wasa ba ne ko ga manya: kwandalar zinariya ta Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Yuliyus Kaisar, mai rubutun EID MAR, wato ranar kisan, da wuƙaƙe biyu da hula, wadda aka buga don tuna kisan Kaisar, an sayar da ita a Landan a 2020 a kan sama da fam miliyan uku, daga baya ta bayyana takardun asalinta na ƙarya ne, aka mayar da ita Girka a 2023. Ƙananan tagulla ba kasafai suke zuwa da dogon tarihi ba, amma ka tambaya, ka fifita mai amsa, ka kuma san dokar shigo da kayan tarihi ta inda kake zaune. Rasit da tsohuwar takardar da ta zo da kwandala, ko da rubutun hannun wani ne da ba ka sani ba, kada ka yar. Ka haɗa da taka: sunan sarki, rubutun gaba da baya, maƙera, nauyi, faɗi, lambar RIC, wurin saye da rana.

Daga nan sai zaɓen hanya, domin ba wanda zai tara komai. Da yawa sukan ɗauki Kaisarori goma sha biyu na farko, daga Yuliyus zuwa Domishiyan, amma a cikinsu akwai Oto da ya yi wata uku kacal a shekara ta 69, kuma kuɗinsa na iya cinye abin da za ka sayi talatin da shi. Akwai hanyoyin da suka fi sauƙi kuma ba su gaza armashi ba. Wani yana bin matan gidan sarauta, irin su Fostina da Juliya Domna 'yar Hims ta Siriya, yana kallon yadda gyaran gashi ke sauyawa. Wani dabbobi yake bi: a 248 Filibus Balarabe ya yi bikin cikar Rum shekara 1,000, aka buga jerin kuɗi da zaki da barewa da kyarkeciya, ta matarsa Otasiliya kuma da dorina. Wani gari ɗaya yake riƙewa, kamar Iskandariya.

Ni mahayin nan da ke faɗuwa nake bi, maƙera bayan maƙera. An buga shi a garuruwa goma sha biyar, daga Faransa har Masar, kuma umarni ɗaya aka aika musu amma hannu ya bambanta. A wani wuri mahayin ya rungume wuyan doki, a wani ya waiwayo yana miƙa hannu. Wani da gemu, wani da hula mai tsini, wani da kitso. Na Antakiya sun fi tsafta a sassaƙa, ana kuma samunsu da sauƙi, haka na Siskiya da Kustantiniyya. Mai wuyar ita ce ta Amiyan a arewacin Faransa, mai alamar AMB. Magnentiyus, wanda ya yi wa gidan Konstantin tawaye, shi ya buɗe maƙerar a 350, da aka ci shi da yaƙi a 353 ta buga wa Konstantiyus na ɗan lokaci kaɗan sannan aka rufe ta. Gurbinta a farantina har yanzu babu komai, kuma duk jerin gwanjon da ya fito, sashen ƙarni na huɗu nake fara buɗewa.